MINSHARI DA MUƘAMUƘI: ABIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Ga jawabin da wani ma'aikacin lafiya ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci na unguwar Gamkalle, a birnin Yamai. Mun buga shi don ƴan uwanmu na karkara su karanta, su kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.



Dattawa, iyaye mata, samari da ƴan mata, malaman yaƙi da jahilci, ina gaishe ku duka. Sannunku da ƙoƙari. Na san wasunku daga lambu suka fito, can bakin kogi. Wasu daga majema, wasu daga kasuwa. Kun bar hutu kun zo neman ilimi. Allah ya saka da alheri.

Yau zancen minshari za mu yi. Na ga har wasu sun fara dariya. Haka ne, kowa yana da mai minshari a gidansa. Mukan yi masa ba'a. Mukan ce wane ya ji daɗin barci, tun daga zaure ake jin sa. To, ku saurara da kyau. Akwai minsharin da ba shi da laifi. Akwai kuma wanda cuta ne. Sau da yawa tushen cutar yana wurin da ba a zato, wato muƙamuƙi da cikin baki.

WANE MINSHARI NE CUTA?

Wani yakan yi minshari ranar da yake mura, ko ranar da ya gaji ƙwarai. Idan mura ta wuce, minshari ya wuce. Wannan ba abin damuwa ba ne.

Wani kuwa kullum sai ya yi, da ƙarfi. Yana cikin yi sai ka ji shiru. Ƙirjinsa yana motsi, amma iska ba ta shiga. Can sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe, ya ja numfashi da ƙara, ya koma barci. Jim kaɗan a sake. Wannan shi ne ɗaukewar numfashi cikin barci. Da faransanci likitoci suna ce masa apne.

Likitoci suna da awo. Idan numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, an ƙirga ɗaya. Daƙiƙa 10 kamar ka ƙirga daga ɗaya zuwa goma ne a hankali. Idan haka ta faru ga babba sau 5 ko fiye cikin awa guda, akwai cutar. Idan ta kai sau 30 cikin awa guda, ta yi tsanani. Ku lissafa da kanku. Mai barcin awa 7, numfashinsa yana tsayawa sau 30 kowace awa. Sau 210 ke nan a dare ɗaya. Ina hutu a nan?

Cutar tana da yawa a duniya. A shekarar 2019 masana sun ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 936, masu shekara 30 zuwa 69, suna da ita. Da yawa daga cikinsu ba su sani ba, don mai barci ba ya jin minsharinsa.

MENE NE YAKE TOSHE HANYAR ISKA?

Masu lambu, kun san tiyo na ban ruwa. Idan aka taka shi, ko ya lanƙwashe, ruwa ya tsaya, ko da inji yana aiki. Maƙogwaro haka yake. Daga bayan hanci zuwa bayan harshe babu ƙashi, tsoka ce mai laushi. Da rana tsokar tana da ƙarfi, hanya a buɗe take. Idan barci ya zo, jiki ya saki, tsokar ma ta saki. Idan hanyar ta ƙuntata, iska tana wucewa da ƙyar, naman yana kaɗawa. Ƙarar da kuke ji ke nan. Idan ta rufe gaba ɗaya, numfashi ya tsaya.

To, ina ruwan muƙamuƙi? Ku ɗauki baki kamar ɗaki. Muƙamuƙin sama shi ne rufi. Muƙamuƙin ƙasa shi ne daɓe da bango. Harshe shi ne mai ɗakin. Idan ɗaki yana da faɗi, mai ɗaki ya kwanta ya miƙe ƙafa. Idan ɗaki ya yi masa kaɗan, dole ya matsa baya. A bayan nan kuwa hanyar iska take. Harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa yake manne. Saboda haka mutumin da haɓarsa ƙarama ce, ko ta koma baya, harshensa yana kusa da maƙogwaro. Da ya kwanta rigingine, sai harshen ya faɗa baya ya rufe hanya.

Bari mu gwada yanzu. Kowa ya rufe bakinsa. Ku ja haɓa baya, wajen wuya, ku yi numfashi. Kun ji yadda ya yi nauyi? Yanzu ku tura haɓa gaba, haƙoran ƙasa su wuce na sama, ku sake numfashi. Kun ji bambanci? To, asirin ke nan.

Muƙamuƙin sama ma yana da nasa. Ku sa harshe ku taɓa ganɗa, wato rufin baki. Wannan ƙashin shi ne kuma daɓen hanci. Idan ganɗa ta tsuke, ta yi zurfi, hanci ma yakan tsuke, haƙora su cunkushe, harshe ya rasa wurin zama.

Likitoci sun daɗe da lura da wannan. A shekarar 1923 wani likitan baki na ƙasar Faransa, Pierre Robin, ya bayyana yadda harshe yake faɗawa baya ga yara masu ƙaramar haɓa. A 1976 wani likita, Christian Guilleminault, shi ma Bafaranshe ne amma a Amurka yake aiki, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yara ma suna da ɗaukewar numfashi cikin barci.

Amma kada ku ɗora wa muƙamuƙi laifi duka. Ga manya, ƙiba ita ce kan gaba, don kitse yana taruwa a wuya da harshe. Tsufa yana ƙarawa. Giya, taba, ƙwayoyin barci da tramol suna ƙarawa. Maza sun fi mata samun cutar, amma idan mace ta daina haila ita ma tana shiga sahu. Abin da nake so ku riƙe shi ne: siriri ma yana iya samunta, idan muƙamuƙinsa ƙarami ne.

WACE ƁARNA TAKE YI?

Duk lokacin da numfashi ya tsaya, iska mai kyau tana raguwa cikin jini. Zuciya ta firgita, ta ƙara gudu. Ƙwaƙwalwa ta tada mutum don kada ya mutu, ko da shi bai san ya farka ba. Dare bayan dare, shekara bayan shekara, jiki yana gajiya. Daga nan hawan jini yake samun ƙofa. Ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga sun fi kama masu wannan cuta.

Bari in ba ku labarin wani direba da aka kawo mana. Ba zan faɗi sunansa ba. Babbar mota yake ja tsakanin Yamai da Maraɗi. Ba shi da ƙiba ko kaɗan. Wata rana da hantsi gyangyaɗi ya ɗauke shi, mota ta sauka daga hanya. Allah ya kiyaye, babu wanda ya mutu. Na tambaye shi ko yana barci da dare. Ya ce: "Wallahi ina yi, har awa takwas." Sai matarsa ta ce: "Lokotoro, ni ce ba na barci. Malam yakan yi shiru har in taɓa shi in ji ko yana da rai. Na ji nauyin faɗa masa ne." Na dubi fuskarsa ta gefe. Haɓarsa ta koma baya, haƙoran sama sun yi gaba. Goro da shayi da yake sha a hanya ba su yi masa maganin komai ba. Muka tura shi babban asibiti.

Iyaye mata, kun ji. Wannan ba wurin kunya ba ne. Wadda ta faɗa wa maigidanta gaskiya ta cece shi, ta ceci fasinjojinsa.

Wasu kuma sukan ce dannau ne, ko iskoki. Dannau daban yake: mutum yana farke, yana ji, amma ya kasa motsi na ɗan lokaci. Mai ɗaukewar numfashi kuwa barci yake yi, na kusa da shi ne yake gani. Addu'a tana da kyau kullum. A yi addu'a, a kuma je gidan likita.

YARA FA?

A nan ne zancen ya fi muhimmanci, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikin yara 100, ana samun 1 zuwa 5 masu wannan cuta. Yaro mai lafiya ba ya minshari kullum.

Ga yara, abin da ya fi kawo ta shi ne kumburin wasu tsokoki. Biyu suna gefen maƙogwaro, dama da hagu, likitoci suna ce musu amidal. Ɗaya tana ɓoye a bayan hanci. Sukan girma ƙwarai tsakanin shekara 2 da 8. Idan sun toshe hanya, yaro ya koma numfashi ta baki, dare da rana. Ƙurar hunturu da hayaƙin icce suna ƙara toshe hanci. Yara masu amosanin jini, wato sikila, sun fi sauran yara samun wannan matsala.

Ga inda haɗin yake. Yaron da yake rufe baki, harshensa yana kwance jikin ganɗa, yana taimaka mata ta yi faɗi yayin da yake girma. Yaron da bakinsa yake buɗe kullum, harshensa yana ƙasa. Likitoci sun lura cewa irin waɗannan yara sau da yawa ganɗarsu takan tsuke, fuska ta yi tsawo, haɓa ta koma baya, haƙora su hau juna. Toshewar hanci tana iya ɓata girman muƙamuƙi. Muƙamuƙin da bai girma daidai ba kuma yana ƙara toshe hanyar iska. Kowane yana ciyar da ɗan uwansa.

Ga alamun da uwa za ta duba:

1. Minshari kusan kowane dare, ko babu mura.
2. Numfashi yana tsayawa, yaro yana zabura.
3. Baki a buɗe, yawu yana zuba, leɓe a bushe.
4. Yawan juye-juye da gumi, ko kwanciya da wuya a gantsare.
5. Fitsarin kwance ga yaron da ya wuce shekarunsa.
6. Rashin girma, ko yana cin abinci.
7. Rashin natsuwa a lakkol ko makarantar allo, yawan fushi da mantuwa.

Yaro nawa aka yi wa bulala don fitsarin kwance ko don rashin ƙoƙari, alhali barci ne bai samu ba? Kafin a ɗauki bulala, a je a kalli yadda yake barci.

Akwai abubuwa 3 da suke hana muƙamuƙin yaro girma, waɗanda ba a jira da su.

Na ɗaya, jaririn da aka haifa da haɓa ƙarama ƙwarai. Wani lokaci har da tsaga a ganɗa. Yana numfashi da ƙara, ba ya iya kama nono, yana shaƙewa. A kai shi gidan likita a ranar. Likita ne zai nuna yadda za a kwantar da shi da yadda za a shayar da shi.

Na biyu, yaron da ya faɗi a kan haɓarsa, daga bisa icce, ko jaki, ko babur. Rauni yakan warke a waje, alhali gaɓar muƙamuƙi da take gaban kunne ta karye. Idan ba a duba ba, gaɓar tana iya haɗewa. Baki ya daina buɗewa sosai, haɓa ta daina girma. Ciwon kunne mai ruwa da aka ƙyale ma yana iya jawo haka. Ga awo mai sauƙi: mai lafiya yana iya sa yatsunsa 3 a jere tsakanin haƙoran sama da na ƙasa.

Na uku, cutar noma. Ba noman gona nake nufi ba. Ciwo ne da yake farawa a dasashi, ga yara masu tamowa, mafi yawa ƴan shekara 2 zuwa 6. Cikin kwanaki kaɗan yana cin kunci da leɓe. Wanda ya tsira, sau da yawa muƙamuƙinsa yakan ɗaure. Idan aka kama shi da wuri, magani yana tsayar da shi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Akwai masu kula da yaran noma a nan Yamai da Damagaram. A Sakkwato ma akwai asibitin noma na musamman tun 1999. Dasashin yaro yana jini, baki yana wari, kunci ya kumbura? Kada a kwana.

ZANCEN CIRE BELI

Na san abin da wasu suke tunani. Za su ce ai beli ne, a kira wanzami. Ina girmama wanzamai, iyayenmu ne. Amma gaskiya ɗaya ce. Cire beli ba ya faɗaɗa muƙamuƙi, ba ya matsar da harshe, ba ya rage tsokar bayan hanci. Abin da yake iya jawowa shi ne zubar jini, da ƙwayoyin cuta, da sandarewar jiki idan ƙarfen ba shi da tsabta. Jariri ba shi da jinin da zai zubar. A bar beli inda Allah ya sa shi.

INA MAGANI?

Magani yana bin sanadi. Shi ya sa likita ne yake fara dubawa. Zai duba hanci, maƙogwaro, wuya da muƙamuƙi. Zai auna jini da nauyi. Akwai kuma na'urar da ake ɗaura wa mutum da dare, tana ƙirga sau nawa numfashinsa ya tsaya.

Ga yaro mai kumburin tsokoki, likitan kunne da hanci da maƙogwaro yakan ba da magani, ko ya cire su a asibiti. Yara da yawa suna samun sauƙi da wannan.

Ga yaron da ganɗarsa ta tsuke, likitan gyaran haƙori yana da wani ɗan ƙarfe. Ana kama shi a turamen sama, ana murɗa shi kaɗan kaɗan, ganɗa tana buɗewa, hanci yana samun faɗi. Ƙashin ganɗa ɓari biyu ne ga yaro, sai ya girma suke haɗewa. Don haka aikin ya fi sauƙi kafin yaro ya balaga. Yana taimakon wasu yara, ba duka ba.

Ga babba, akwai wani abu na roba da likitan haƙori yake yi daidai bakin mutum. Ana sa shi lokacin barci kawai. Yana riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba, kamar gwajin da muka yi ɗazu. Ya fi amfani ga wanda cutarsa ba ta yi tsanani ba. Amma sai mai haƙora masu ƙwari, don a jikinsu yake kamawa. Kun ga wani amfanin asuwaki da buroshi ke nan.

Ga wanda cutarsa ta yi tsanani, akwai injin hura iska. Wani likita na ƙasar Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da shi a 1981. Kamar zugazugin maƙeri yake. Yana hura iska ta hanci a hankali, hanya ba ta rufewa. Yana aiki ƙwarai, sai dai yana da tsada, kuma yana son lantarki duk dare.

A ƙarshe akwai fiɗa, inda ake matso da muƙamuƙai biyu gaba, kamar santimita 1. Babban aiki ne, na ƙwararru, ga mutane kaɗan.

Ku riƙe wannan kuma. Jera haƙora da waya don su yi kyau, shi kaɗai ba ya warkar da ɗaukewar numfashi. A 2019 ƙungiyar likitocin gyaran haƙori ta Amurka ta bayyana cewa likita ne yake tabbatar da cutar, mai gyaran haƙori taimakawa yake yi. Wayar haƙori da ake sayarwa don ado kuwa, ƴan mata, ku guje ta. Tana ɓata dasashi, tana girgiza haƙori.

ABIN DA ZA MU YI TUN DAGA DAREN YAU

1. A kalli mai minshari yana barci. A ƙirga shirun da yake yi. Mai salula ya ɗauki muryar ko hoton, ya nuna wa likita.
2. Babba ya kwanta ta gefe, ya bar rigingine. A ɗaga wajen kai kaɗan.
3. Mai ƙiba ya rage. A bar ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a titi.
4. A bar giya, taba, tramol da ƙwayar barci.
5. A shayar da jariri nono zalla wata 6, a ci gaba har shekara 2. Tsotson nono yana motsa muƙamuƙi.
6. A raba yaro da tsotson yatsa cikin lalama kafin ya kai shekara 4.
7. A nisanta yara daga hayaƙin murhu. A wanke musu baki safe da dare.
8. Direban taksi, faba-faba ko babbar mota da yake gyangyaɗi da rana, ya tsaya ya nemi likita kafin ya sake kama hanya.

A fara da gidan likita mafi kusa, wato CSI. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su ba da takarda zuwa gaba. A nan Yamai, Babban Asibitin Ƙasa yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da sashen baki da haƙori. Mutanen karkara su bi ta asibitin gundumarsu.

Ƴan uwa, ku da kuka koyi karatu, ku ne idon ƙauyukanku. Ku kai wannan zance majalisa, da bakin rijiya, da gidan suna. Rigakafi ya fi magani.  Allah ya ba mu lafiya da barci mai albarka. Amin.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Yaya ake gane minsharin da yake cuta?
2. Me ya sa ƙaramar haɓa take toshe hanyar iska?
3. Faɗi alamu 3 da uwa za ta duba ga ɗanta.
4. Me ya sa cire beli ba ya maganin minshari?
5. Akwai mai irin wannan minshari a gidanku? Me za ku faɗa masa?